Ƙunshi Cikin Ƙunshi a Hanyar Isa

Ranar Laraba ce, da hantsi, tsakiyar damina. Mu uku ne a ɗakin da ke jikin zauren Kawu a Sabon Birni: ni, da ƙanena, da Kawu kansa, wanda ya shigo gaisuwar da ya saba yi kowace safiya. A kan tebur akwai kwamfutar ofis, gefenta kuma ƙaramin filashi ɗaure da jan zare. Wannan filashin ƙanena zai rataya a wuya washegari, ya hau babur ya kai shi Isa.

Wata ƙungiya ce a Sakkwato ta ɗauke mu aiki. Muna haɗa mata shirin rediyo na mako-mako kan lafiyar dabbobi da noma, rabi da Hausa, rabi da Fulatanci. Ƙanena ke zagayawa da na'urar ɗaukar murya, Unguwar Lalle, Tsamaye, da rugagen da ke kusa. Ni nake tacewa in haɗa, in karanta gabatarwa. Ilimin kwamfuta na karanta a makaranta, amma karanta labarai a gidan rediyo shi ya ci shekaruna kafin na dawo gida.

Ƙungiyar ta kafa eriya a kan dogon ƙarfe bayan gidan Kawu, tana fuskantar wata irinta a Isa. Ofishin Isa ke da intanet mai ƙarfi. Tsarin shi ne in tura shirin ta eriya zuwa Isa, daga can ya wuce Sakkwato. Tun ranar da aka kafa ta, hakan bai taɓa yiwuwa ba. Fayil zai tashi da ƙarfinsa, ya koma rarrafe, ya tsaya, har manhajar turawa ta gaji ta ce an kasa. Na gwada daddatsa shirin, bai yi ba. Na gwada layin wayar Nijar da ake kamawa a saman soron Kawu, ya ɗauki rubutu, ya ƙi ɗaukar murya ta rabin awa. Sai aka ce a riƙa kai filashi ta hanya, na wucin gadi. Wucin gadin ya fara da bazara, ga shi gero ya kai ƙugu.

Duk mutumin ƙasar Gobir ya san abin da hanyar Isa ta zama, ba sai na bayyana ba. Masu babur ba sa fita ɗaiɗai, sai ayari, ranar kasuwa, kuma duk wanda aka gamu da shi ya fito daga gaba sai an tsayar da shi an tambaye shi. Ranar da ƙanena ya tafi, Inna ba ta sa komai a bakinta sai ta ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida.

Abin da ya sa Sakkwato ba ta ga matsala ba kuwa, gaisuwa ce. Na'urorin eriyar biyu, tamu da ta Isa, suna da layin magana. Da yake a gidan Kawu aka ajiye tamu, shi kuma malami ne da ba ya yarda a wayi gari ba a gaida maƙwabci ba, ya ɗauki ofishin Isa a matsayin maƙwabci. Kowace safiya, bayan ya sallami masu ɗaukar karatu, sai ya shigo ya zauna ya danna. Ranar ma haka ya yi.

"Salamu alaikum, mutanen Isa."

Muryar sakataren ofishin ta fito tas. Tsohon malamin firamare ne, mai natsuwa. "Wa alaikumus salam, Allah gafarta Malam. An tashi lahiya?"

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ina ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Ya naku wajen?"

"Mun samu shekaranjiya, alhamdulillahi. Ya ƙafar taka?"

"Da sauƙi, Malam."

Haka suka bi iyali, da gero, da dawa, da wani liman da ya yi jinya. Da sun gama, sakatare zai aika wa Sakkwato cewa layi lafiya lau. Injiniyan ƙungiyar ma yana da tasa gaisuwar: daga ofishinsa yakan sa na'ura ɗaya ta tambayi ɗayar ko tana nan, ta amsa tana nan. A wurinmu wanda ya amsa gaisuwa lafiyarsa ƙalau, ba a ƙara bincike. Alhali duk mun san ƙafar sakatare ba ta yi sauƙi ba, da sanda yake zuwa ofis.

Da Kawu ya gama, ƙanena ya ɗauki filashin yana kaɗa shi da zaren.

"Yaya, ki gama da wuri. Gobe da sassahe ayari za shi tashi. Makon jiya ƙauye munka kwana, anka ce gaba ba lahiya. Sauro ya ci rabona ya ci na direban da ke gaba."

Dariya yake yi. Bai gaya wa Inna ba, ce mata ya yi taya ce ta fashe.

Na ce, "Auta, gobe ba ka zuwa."

"To shirin fa? Sanarwar allurar shanu na ciki. Ardo ya ce in ba a rediyo anka ji ba, ba mai kawo ko ɗan maraƙi."

"Shirin zai je. Kai ne ba ka zuwa."

Lokacin da na faɗi haka ban san yadda za ni yi ba. Abu ɗaya kawai nake riƙe da shi, shi ma a gaisuwar Kawu na tsince shi. Na zauna ina saurarensu da kunnen da aka horar a ɗakin watsa labarai, inda ake koya wa mutum jin ko harafi ɗaya ya faɗi. Babu abin da ya faɗi. Layin da zai ɗauki doguwar gaisuwar Kawu ba gargada, ai ba shi da rauni. Kenan bambancin yana wurin yadda ake ɗaure kayan.

Na'ura ba ta tura komai a dunƙule. Ƙunshi-ƙunshi take yi, kowane ƙunshi da adireshi a goshinsa. Murya tana tafiya a ƙananan ƙunshi, domin kada ta makara. Fayil kuwa, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar takan tara shi ta yi ƙaton ƙunshi, wanda ya fi ƙarfin wayar kebul. Dole a yanka shi kafin ya fita. Domin ta rage wa kanta aiki, manhajar takan miƙa wa katin sadarwa, wato ɗan allon da kebul ke shiga jikinsa, ta ce masa ya yanka, ya kwafi adireshin ya manna a goshin kowane yanki. A layin gama-gari wannan ba ya ba da wahala. Namu ba gama-gari ba ne. Da yake akwai wasu masu amfani da eriyar, ƙungiyar ta sa a riƙa naɗe kowane ƙunshinmu cikin wani ƙunshin. Na ciki yana ɗauke da adireshin mai karɓa, na waje yana ɗauke da adireshin na'urar Isa da za ta kwance shi. Goshi biyu ke nan, ɗaya bayan ɗaya.

An ba mu makullin shiga na'urorin, ni da sakatare, da sharaɗi: a duba, kada a canza komai. Dokar tana da dalili. An taɓa yin wani ofis da ma'aikaci ya yi gyaran kansa, layi ya mutu, aka rasa mai zuwa ya tayar. Dubawa dai ba a hana ba. Na duba ƙunshin da ke fita daga na'urarmu, na gan shi cikakke, goshi biyu, komai daidai. Amma abin da nake gani kafin ya shiga hannun kati ne. Abin da kati ya fitar, sai daga Isa za a gan shi.

Na danna layin magana.

"Malam sakatare, ni ce. Za ni roƙi alfarma. Za ni yi maka shifta, ka rubuta a na'ura."

"Hajiya, ni da na shekara nawa ina yi wa yara shifta, yau ta juyo kaina? Bismillah."

Na karanta masa umarnin harafi-harafi, da muryar da nake karanta sanarwar rasuwa, wadda ba a yarda a yi kuskuren suna a cikinta ba. Ya maimaita mini, na ce daidai. Sai na fara tura shirin, shi kuma yana karanto abin da ke sauka a allonsa. Yankin farko ya iso da adireshi biyu. Na biyu ya iso da na waje kaɗai, a wurin na ciki kuma lambobi ne barkatai. Na uku haka, na huɗu haka.

"Hajiya, waɗanga ba su da ma'ana."

"Muryar Ardo ce kake karantawa, Malam. An sa ta a inda adireshi ya kamata ya zauna."

Na'urar Isa tana kwance na waje, ta leƙa ciki, ta ga babu suna, ta zubar ba tare da ta gaya wa kowa ba. Tamu kuma idan ta ji shiru sai ta sake tura ɗan guntu ɗaya, wanda bai kai a yanka ba, ya wuce lafiya. Ta ga ya wuce, ta sake tara babba, a sake zubarwa. Rarrafen da na yi watanni ina kallo ke nan.

Kawu bai fita ba, yana zaune yana jan carbi. Ya ce, "Ke, ɗiyata, mi anka gano?"

Na ce masa ya ɗauka aike ne za a yi daga tasha. An ɗinke kaya a buhu an rubuta sunan mai shi, an sa buhun cikin wani buhun an rubuta sunan wakilin tashar Isa. Kayan ya fi ƙarfin but ɗin mota, aka ba ɗan kamasho ya raba shi kashi-kashi. Kamata ya yi kowane kashi ya samu buhu biyu da suna biyu. Shi kuwa namu, sunan waje kawai yake rubutawa. Na ciki ya ɗauke shi a matsayin kaya, ya tafi da kashin farko, sauran suka isa ba mai su.

"Kuma bai faɗi bai iya ba?"

"Cewa ya yi ya iya, Kawu. Shi ya sa aka ba shi."

"To. Irinsu sun hi yawa," in ji Kawu. Ya ci gaba da carbinsa.

Rubutun manhajar a buɗe yake, kowa na iya karantawa. Na hau soro da wayata, na jira layin Nijar ya kama, na sauko da shafin da ke kula da irin katinmu. Direban kati ake ce wa wannan ɓangaren, shi ke tsakanin manhaja da kati. A farkonsa ya shelanta cewa katin yana iya yanka ƙunshin da aka naɗe. Na gangara wurin da yake auna tsawon goshi domin ya gaya wa kati inda adireshi ya ƙare kaya suka fara. Manhajar tana sa wa kowane ƙunshi alama idan naɗaɗɗe ne, tana kuma nuna inda goshin ciki ya fara. Wanda ya rubuta direban bai tambayi alamar ba. Daga goshin waje ya auna, ya tsaya. Ban ga mugunta a ciki ba. Na fi zaton bai taɓa gwada shi a layi irin namu ba, ko kuma ya gwada da gaisuwa.

Gyara iri biyu ne. Na asali shi ne a ƙara tambayar a direban: in naɗaɗɗe ne, a auna har ƙarshen goshin ciki. Wannan sai an sake gina manhajar, ba aikina ba ne. Na gaggawa kuwa layi ɗaya ne: a gaya wa manhajar ta daina miƙa wa kati naɗaɗɗen ƙunshi, ta yanka da kanta. Ita ta san goshi biyu ne. Zai ɗan ƙara mata aiki, amma a gudun eriyarmu ko a jikinta.

Layi ɗayan nan canji ne, kuma an hana canji. Na kira injiniya daga saman soron. Mutum ne mai kirki, ya girme ni, ofisoshi da yawa ke wuyansa. Muka gaisa, na yi masa bayani dalla-dalla.

Ya ce, "Hajiya, na duba na'urarku daga nan ba sau ɗaya ba. Ƙunshin yana fita cikakke."

"Kafin kati kake ganinsa, ranka ya daɗe. Sakatare ya ga bayan kati."

Na ji yana danne-danne. Can ya ce, "Zai iya zama haka. Turo mini wurin da kika gani. Amma sai mun gwada a nan. In ya tabbata, zai shiga sabuntawar da za mu yi wa dukkan ofisoshi bayan kaka."

"Kafin nan fa?"

"A ci gaba da filashi."

"Wa zai ci gaba?"

"Wanda ya saba."

"Wanda ya saba ƙanena ne. Makon jiya a ƙauye suka kwana, saboda an ce gaba ba lafiya."

"Allah ya kiyaye. Wallahi ban ji daɗi ba. Amma Hajiya, in na bar ki kika taɓa, gobe wani ya taɓa nasa, wa zai je ya tayar? Doka ce. In kika canza, dole in rubuta, kuma ina iya rufe makullinki."

Na ce, "To ɗauki biro. Za ni karanta maka abin da za ni rubuta a na'urar, harafi-harafi, don takardar taka ta fita daidai. In ya lalata wani abu, kashe na'urar a kunna kawai zai mayar da ita yadda take, kai ka tsara ta haka. In kuma ka rufe makullin, filashin yana nan da zarensa. Motar Sakkwato tana zuwa Isa kullum. Ka zo ka ƙaraso Sabon Birni ka rataya shi."

"Hajiya, ba haka ake magana ba."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Ka yi haƙuri da lafazin. Ka ɗauki biron?"

Ya ɗauka. Na karanta masa, ya maimaita, na ce daidai. Bai ce in yi ba, ban kuma tambaye shi ba. Muka yi sallama.

Na sauko na zauna. Ƙanena yana tsaye a bayana, filashin a hannunsa.

"Yaya, in sunka kore ki fa?"

"Sai in koma karanta labarai. Matsa, kana tare mini haske."

Na rubuta layin, na danna. Na'urar ba ta ce komai ba, haka take idan ta karɓi umarni. Na sake duba abin da aka miƙa wa kati, na ga an cire naɗaɗɗen ƙunshi daga ciki. Sai na tura shirin. Zanen da ke nuna tafiyar fayil ya tashi kamar yadda ya saba. Ya kai wurin da yake fara rarrafe, ya wuce. Zanen ya cika kafin ladan ya kira azahar.

Layin magana ya buɗe. Sakatare bai yi sallama ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya kara lasifikarsa a layin kawai, sai ga muryata tana dawowa daga Isa tana yi wa makiyaya barka da war haka, bayanta Ardo yana bayanin allura da Fulatanci.

"Ya iso duka, Hajiya. Har kukan zakaran da ke ƙarshe."

"Wannan zakaran Tsamaye ne, Malam, na manta ban cire shi ba."

Kawu ya miƙe ya gyara rawaninsa. Ya dubi ƙanena ya ce, "Kai kuma tunda ba ka da tahiya gobe, akwai ciyawa gonata." Ƙanena ya ce da ma ya san ba za a bar shi ya huta ba. Ni na shiga cikin gida na gaya wa Inna. Ba ta tambayi yadda aka yi ba. Ta ce, "Har gaba ma?" Na ce har gaba ma.

Cika wannan alkawarin sai da aiki kullum. Da yamma muna kashe na'urar don a rage wa batir, da safe kuma takan tashi a yadda Sakkwato ta kulle ta, layina ya goge. Saboda haka kowace safiya, bayan Kawu ya gama gaisuwarsa, sai in zauna in sake rubuta shi. Daga nan in aika wa injiniya gajeren saƙo: na taɓa. Ban so a ce a ɓoye na yi ba. Yawanci ba ya amsawa. Wata rana ya amsa da cewa ya gani.

Takardar gargaɗi ta fito kamar yadda ya ce. An buga mata hatimi a Sakkwato, aka ɗauki hotonta aka turo Isa, aka umarci sakatare ya miƙo mini ta eriya. Na'urar Isa irin katinmu gare ta, kuma ba wanda ya taɓa ta. Takardar ta taso, ta yi rarrafe, ta tsaya.

"Hajiya, ta ƙi tahowa. Ko in rubuta layin nan naki?"

"A'a, Malam. Ni na karya doka, ban ce ka karya ba. Karanto mini."

Ya gyara murya ya karanta, tun daga adireshi har sa hannu, ya tsaya a kowace waƙafi. An rubuta layin nawa a ciki daidai, babu kuskuren harafi ko ɗaya. Na ce ya rubuta musu cewa na ji, kuma ya ƙara da cewa takardar ta kasa wucewa ta layin da ke lafiya lau. Ya ce zai rubuta, amma zai ɗan tausasa.

Ba a rufe makullina ba. Bayan an gama yankan gero sabuntawar ta zo, na buɗe direban na ga an ƙara tambayar a wurin aunawa. Daga ranar na daina rubuta layin. Takardar gargaɗin tana cikin fayil ɗina a Sakkwato, ban taɓa ganinta da ido ba. Ƙanena bai sake bin hanyar Isa da filashi ba.